Malamin da ya sayar da fili ya sayi takarda: shekara 19 a kasuwar hannun jari

Shiga kasuwa: 2005 zuwa 2006

Malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, domin da wannan sharaɗin ya buɗe mini littafin da yake rubuta shige da ficen kuɗinsa, wani mai baƙin bango irin wanda ake kiran sunayen ɗalibai da shi. Shekara shida muka yi muna koyarwa tare. Duk alƙaluman da suka shafi aljihunsa daga littafin nan na kwafo su, 'yan canjin da ke kai kawai na zubar.

A 2005 yana da mata da 'ya'ya huɗu, yana zaman haya, yana kuma da fili ɗaya a bayan gari wanda ya saya da kuɗin adashi da niyyar gini. Bai taɓa riƙe takardar hannun jari ba. Abin da ya kawo kasuwar har ɗakin malamai shi ne umarnin da Babban Bankin Najeriya ya bayar a watan Yulin 2004, zamanin gwamnansa Charles Soludo, cewa kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, kuma da yawansu wajen jama'a suka nemo kuɗin. Ga talla a rediyo, ga ta a jarida, ga ma'aikatan banki da fom a hannu suna bin ofisoshi da makarantu da shagunan Kantin Kwari.

Cikin shekara biyun nan ya zuba naira 300,000, duka daga ajiyarsa. Dubu ɗari ta tafi wani banki, dubu ɗari biyu kuma ya raba tsakanin wani kamfanin sukari da wani na kayan abinci.

Akwai wani ƙaramin abu da ya yi a lokacin wanda ya dawo masa bayan shekara goma. Idan masu nema suka fi abin da kamfani ya fitar yawa, akan rage wa kowa, a mayar masa da ragowar kuɗinsa. Don haka mutane suka koyi cike fom fiye da ɗaya. Shi ma ya yi hakan: wani da sunan mahaifinsa, wani da sunan garinsu, wani kuma ya sauya yadda ake rubuta sunansa na yanka da boko. A dukkansu akwatin gidan waya na makarantar ya sa a matsayin adireshi.

Fili da bashi: 2007 zuwa Maris 2008

Ma'aunin kasuwar da ake kira All-Share, wanda ke nuna hawa da saukar farashin kamfanonin a dunƙule, ya rufe 2006 a kan 33,189, ya rufe 2007 a kan 57,990. Kusan kashi 75 cikin ɗari ke nan a shekara guda. Dubu ɗari ukun malamin ta haura dubu ɗari bakwai.

A watan Satumban 2007 ya sayar da filin kan naira 900,000. Yayansa ya same shi har gida bayan isha'i.

"Yanzu kai ƙasa za ka sayar ka sayi takarda?"

"Yaya, takardar nan cikin shekara ɗaya ta ninka. Filin kuwa shekara biyar yana nan sai ciyawa. In na juya kuɗin, har na gini za su fito."

"To, Allah Ya sa alheri," abin da yayan ya ce ke nan ya tashi.

Kuɗin filin gaba ɗaya bankuna biyu suka tafi, 500,000 a ɗaya, 400,000 a ɗayan. A watan Janairun 2008 kuma ya karɓi bashin naira miliyan 1.5 daga wani banki don sayen hannun jarin banki na huɗu. Irin wannan bashi ya zama ruwan dare a lokacin. Abin da ka saya da kuɗin shi ne jingina, a haɗa da wani abu daga naka, shi ya sa aka riƙe har da na dubu ɗari huɗun nan. A takardar yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa idan darajar jinginar ta sauka ƙasa da wani mataki, ko dai ya cika da kuɗi ko mai bashi ya sayar ba sai ya nemi izininsa ba. Ya faɗa mini da bakinsa cewa wannan shafin bai karanta shi ba. Ya san bashin da ruwa ne, ya kuma san hukuncinsa, shi ya sa ko matarsa bai gaya wa ba. Lissafinsa shi ne wata shida ya sayar, ya biya, ya wanke hannunsa.

Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin ya kai 66,371, darajar kasuwar ta haura naira tiriliyan 12. Takardar da dillalinsa ya ba shi a makon ta nuna naira miliyan 3.9. Daga ciki miliyan 3.4 na bankuna ne.

Faɗuwa: Maris 2008 zuwa Maris 2009

Daga ranar nan farashi ya kama gangara, a hankali da farko. Matakin da ya fara ɗauka shi ne ƙara saye. A watan Yuni ya ranci naira 200,000 daga ƙungiyar taimakon juna ta malamai ya ƙara a bankin da ya ci bashi dominsa, bisa tunanin cewa kaya ya yi araha. Kafin wata biyu farashin ya sauka ƙasa da inda ya saya.

Mataki na biyu shi ne yunƙurin sayarwa, kuma a nan ne ya gane cewa farashin da ake gani a allo ba kuɗi ne a hannu ba. A ƙarshen Agusta hukumomin kasuwar suka sa doka cewa hannun jari ba zai faɗi fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a rana ba, don a tsayar da zubewar. Sai masu saye suka ja da baya, tunda kowa ya san gobe ma zai ƙara sauka. A tsakiyar Satumba bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, masu jari na ƙasashen waje suka shiga kwashe kuɗinsu, ɗanyen mai da ya kai kusan dala 147 a Yuli ya dawo ƙasa da dala 40 a Disamba. A cikin gida kuma bankunan da suka ba da bashin sayen hannun jari suka fara sayar da jingina. Sayarwar ta ƙara karya farashi, karyewar ta jawo wasu jinginar suka gaza, su ma aka fito da su.

Na taɓa raka shi ofishin dillalin a watan Oktoba. Mutane ne a jere a benci, 'yan kasuwa da ma'aikata da wata dattijuwa da takardunta a leda, kowa ya zuba wa allon ido. Yaron da ke kan kwamfuta ya duba umarnin malamin na mako uku da suka wuce, ya ɗago ya ce, "Malam, yana nan a layi. Babu mai saye." Ba mu yi magana ba har muka iso bakin titi.

An cire dokar kafin ƙarshen shekara, farashi ya rikito. Ma'aunin ya rufe 2008 a kan 31,450, a watan Maris na 2009 kuma ya sauka ƙasa da 20,000, wato kusan kashi 70 cikin ɗari sun tafi cikin shekara ɗaya. Tun a Fabrairu mai bashin ya sayar da jinginar gaba ɗaya, har da ƙarin da malamin ya yi a Yuni, aka samu naira 850,000. Bashin da ruwansa ya riga ya kai miliyan 1.85. Saura miliyan ɗaya a wuyansa, ban da na ƙungiyar malamai.

Biyan bashi: 2009 zuwa 2012

Aka daidaita a kan cire naira 28,000 daga albashinsa duk wata, fiye da sulusinsa a lokacin. Dole ya gaya wa maiɗakinsa. Ya ce abin da ta faɗa kawai shi ne, "Malam, ai da ka gaya mini tun farko, da mun ɗauka tare." Ya fara lesin da yamma, babbar 'yarsa ta koma makarantar gwamnati.

Ranar 14 ga Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba aka ƙara wasu, jimillar ta kai biliyan 620. Binciken ya nuna bashin da ba a biya ya yi wa bankunan katutu, ciki har da na sayen hannun jari. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta saye irin waɗannan basussuka, a Agustan 2011 kuma aka soke lasisin bankuna uku. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, masu hannun jari kuwa suka tashi a tutar babu. Bankin da ya ci dubu ɗari biyar ɗin filin malamin yana cikinsu.

Tsakanin nan ya gwada abu na uku. A 2010 wani abokinsa ya ba shi shawarar kamfanonin inshora da ake sayar da hannun jarinsu kwabo 50, tunda a dokar kasuwar ta lokacin farashi ba ya sauka ƙasa da haka. Ba su da inda za su faɗa, in ji abokin, sai sama. Ya sa naira 60,000 na kuɗin makin jarrabawa. Farashin ya tsaya cak a kwabo 50 shekara da shekaru, babu riba, babu mai saye. Sai bayan da aka ɗage wannan shingen a Janairun 2018 ya samu ya sayar, a kan rabin abin da ya biya.

Ya gama biyan bashi a Disambar 2012.

Juya baya: 2013 zuwa 2015

Ya tattara takardun ya jefa a akwatin ƙarfe, ya daina zuwa wajen dillali. Kasuwar ta tashi da kusan kashi 35 a 2012 da kashi 47 a 2013, ta sake faɗuwa da farashin mai ya karye a 2014, duk bai sani ba. An yi masa canjin makaranta, amma cekin rabon riba na kamfanoni ukun farko, waɗanda ba su shiga jingina ba, ya ci gaba da zuwa tsohon akwatin gidan waya. Irin wannan cek in ya wuce wata shida banki ba ya karɓa.

Gyaran takardu: 2016 zuwa 2017

A farkon 2016 masinjan tsohuwar makarantar ya kawo masa wani ƙunshin ambulan ɗaure da roba, wasu har sun yi ja don ƙura. "Malam, naka ne, sun daɗe a durowar shugaba." A daren ya zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a tabarma bisa shekaru. Kamfanin kayan abincin bai tsallake ko shekara ɗaya ba, har 2009 da kasuwa ke ƙasa. Bankin nan na farko sau biyu yake biya a shekara, ya kuma ƙara masa hannun jari kyauta.

Karɓo kuɗin ya fi ganinsu wuya. Hukumar SEC mai kula da kasuwar ta riga ta fito da sabon tsarin biyan riba kai tsaye cikin asusun banki tun 2015, amma sai sunan da ke kan hannun jarin ya dace da na lambar BVN. Nasa kuwa kashi uku ne. Sai da ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya samo takardar shaida daga bankinsa, ya haɗa hotuna, dillali ya aika wa kamfanonin da ke riƙe da rajistar masu hannun jari a Legas. Sau biyu ana dawo da fom saboda sa hannunsa na yanzu ya bambanta da na 2005. Abin da ya taimake shi shi ne damar da hukumar ta ba waɗanda suka sayi hannun jari da sunaye daban-daban su haɗe su ba tare da hukunci ba. A ƙarshe aka mayar da takardun cikin asusunsa ɗaya na CSCS, inda ake ajiye hannun jari a kwamfuta, ribar da ta taru ta shigo: naira 210,000, bayan an cire harajin kashi goma.

A shafin littafinsa na wannan lokaci ya rubuta wa kansa ƙa'idoji. Ba zai ƙara saye da kuɗin wani ba. Zai ware naira 15,000 duk wata, ya tara na wata uku sannan ya saya, don kuɗin dillanci kada ya cinye. Ba zai sa fiye da rubu'in jarinsa a sana'a iri ɗaya ba. Kamfanin da zai saya sai wanda yake ganin kayansa a kasuwa, wanda ya jima yana raba riba, wanda kuma ya karanta rahotonsa na shekara ya duba bashin da ke kansa. Kuɗin asibiti da na makaranta suna gefe, ba sa shiga. Ribar da ta shigo kuma ta koma saye.

Ya kuma warware abin da ya daɗe yana ci masa rai. Ya je wajen wani malamin fiƙihu ya kwance masa komai. Bayan nan ya sayar da hannun jarin bankin da ya rage, ya fitar da ribar da ta zo daga gare shi ya bayar, ya koma bin jerin kamfanonin ma'aunin Lotus Islamic, wanda aka ƙaddamar a 2012, wanda ba ya ɗaukar bankunan ruwa da masu giya da caca da waɗanda bashi ya yi wa yawa. A Satumban 2017 da gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, naira biliyan 100 don gina hanyoyi, na shekara bakwai a kan ribar kashi 16.47 a shekara, ya sa naira 100,000.

Gwaji: 2018 zuwa 2021

Kasuwar ta faɗi kusan kashi 18 a 2018, ta ƙara faɗuwa kusan kashi 15 a 2019. Shekara biyu yana saye duk wata uku, jimillar da ke ƙasan shafi ba ta motsi. Ya ce wannan ya fi masa ciwo a kan faɗuwar lokaci ɗaya, har sau biyu ya cike takardar sayarwa ya yage.

Da korona ta zo, a farkon Afrilun 2020 ma'aunin ya sauka kusa da 20,700, kusan inda yake a 2009. Wannan karon babu mai bin sa bashi, albashi yana shigowa, kuɗin gaggawa yana gefe. Ya yi sayen watan kamar yadda ya saba. Shekarar ta ƙare ma'aunin yana kan 40,270, ƙarin kashi 50. A Disambar 2021 da MTN ta sayar wa jama'a hannun jari kan naira 169, ya saya ta wayarsa, fom ɗaya, suna ɗaya, da kuɗin wata ukun da ya tara.

Inda lissafi ya tsaya: 2023 zuwa 2024

Sai a ƙarshen Agustan 2023 ma'aunin ya wuce 66,371 na Maris 2008, bayan shekara 15 da wata biyar. A Janairun 2024 ya haura 100,000, ya rufe shekarar a kan 102,926. Bankuna na cikin waɗanda suka yi tashin gwauron zabi a 2023, malamin kuma bai ci wannan ba tunda ya fita daga cikinsu. Sukuk ɗinsa ya cika wa'adi a Satumban 2024 aka dawo masa da uwar kuɗinsa.

Daga 2016 zuwa ƙarshen 2024 abin da ya zuba daga albashi ya kai naira miliyan 2.3, don ya riƙa ƙara na wata-wata yadda albashin ya ƙaru. Darajar jarinsa gaba ɗaya ta kai miliyan 7.5, a kamfanoni takwas na siminti da sadarwa da abinci da man ja. Ribar da ta shigo asusunsa a 2024 ta kusa naira 400,000.

A Maris 2008 dala tana kusan naira 118, a ƙarshen 2024 ta haura 1,500. Hauhawar farashi a Disambar 2024 ta kai kashi 34.8. Wani fili da ke maƙwabtaka da wanda ya sayar an saye shi naira miliyan 12 a 2024, unguwar ta cika da gidaje.

Abin da na gani a littafin

A ganina ba faɗuwar kasuwar ce ta karya malamin ba. Hujjata tana cikin littafinsa: kamfanoni ukun farko sun sha faɗuwar nan iri ɗaya da sauran, amma da yake da kuɗinsa ya saye su, babu wanda ya tilasta a sayar, suka yi ta aiko da riba ko da ya manta da su. Bashi yana da ranar biya, kuma mai bashi ne ya zaɓi ranar sayarwa, wata guda kafin kasuwa ta taɓa ƙasa. Da wannan ne asarar takarda ta zama ta gaske, har ta bar masa shekara huɗu na yankan albashi.

Sai dai ba na son a ɗauka cewa haƙuri kaɗai magani ne. Dubu ɗari biyar ɗin da ke bankin da aka soke lasisinsa ba a jinginar da ita ba, ya riƙe ta har ƙarshe, ta mutu a hannunsa. Na kwabo 50 ma shekara takwas ya riƙe. Jira yana amfani ne a kamfanin da ke sayar da kaya yana samun riba, kuma tunda mutum ba zai san tabbas wanne ne zai rayu ba, dole ya rarraba. Bankuna huɗu da malamin ya saya yana ganin ya rarraba, alhali iska ɗaya ce ke kaɗa su. Haka ƙarin sayen da ya yi a Yunin 2008 da wanda ya yi a Afrilun 2020 a ido kamar abu ɗaya ne, duka saye ne lokacin faɗuwa. Na farkon da rance ne, a kan kamfani ɗaya, don ceto abin da ya riga ya nutse. Na biyun da rarar albashi ne, bisa tsarin da ya rubuta tun kasuwa na zaune lafiya, don haka ba a ranar tsoro ya yanke shawarar ba.

Ba na ganin wautarsa a 2007. Mai albashin da yake kallon kuɗin haya na hawa, ya ga abu ya tashi kashi 75 a shekara, ya ga bankin da kansa yana miƙo masa rance, ba ƙaramin ƙarfin zuciya zai sa ya kau da kai ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne shekarun da ya juya baya. Kunya da ɓacin rai sun hana shi buɗe ambulan, suka sa ribarsa ta kwanta a durowa hauhawar farashi na cin ta, suka kuma hana shi hawan 2012 da 2013. Har yau akwai gidaje da yawa da irin wannan ƙunshin yake a akwati, wasu masu shi ma sun rasu magada ba su san da shi ba.

Kuma gaskiya bai farfaɗo gaba ɗaya ba. Miliyan 7.5 ta ƙarshen 2024 ba ta sayen abin da miliyan 3.9 ta 2008 ke saye, ba ta ma kai kuɗin filin da ya rabu da shi ba, kuma har yanzu haya yake biya. Abin da tsarin 2016 ya ba shi shi ne jari nasa na kansa wanda babu hannun kowa a kai, da ribar da ke biyan kuɗin makarantar yara biyu.

A Janairun 2025 yayansa ya sake samun sa da maganar fili, wani ƙarami a can gaba da inda gari ya tsaya. Ranar da na mayar masa da littafin bai yanke shawara ba. Ya dai ce wa dillalin ya ƙirga masa abin da sulusin jarin zai kawo bayan an cire kuɗin dillanci, ya kuma aiki babban ɗansa ya tambayo farashin bulo.